Injin Gangara Ƙwallo: Wasan Da Zai Iya Zama Makaranta Ga Yaran Nima Da Mamobi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shiga kasuwar Nima da ke birnin Akara na ƙasar Ghana ranar Laraba, wadda ita ce ranar cin kasuwar, musamman idan Sallah ta ƙarato, ya san yadda kayan wasan yara ke cika tebura kusa da masu hatsi da masu kayan yaji. Bindigogin roba ne da motoci masu batir da tabarau da 'yan tsana, galibinsu daga ƙasar Sin. Uba zai zaro sidinsa ya saya, yaro ya yi ta murna ranar idi, amma kafin a gama yawon Sallah ƙafar motar ta ɓalle, batir ya mutu, an jefa ta kwata.

Da mutum zai ɗan kutsa cikin lungunan Nima da maƙwabciyarta Mamobi, zai tarar da wasu yaran da ba a saya musu komai ba, amma sun tattara gwangwanin madara da waya da tsohon silifa sun ƙera mota har da sitiyari, wasu kuma sun jera murafen kwalba a ƙasa suna buga ƙwallo da yatsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi, domin shi ma ya yi motar kara da ta langalanga. Abin takaicin shi ne, da zarar yaro ya ɗan tasa sai a ce masa ya bar shiririta, a nan basirar take tsayawa. Akwai kuwa wani nau'in wasa da ke iya ɗaukar irin wannan yaro daga motar gwangwani ya kai shi ƙofar aikin injiniya, kuma 'yan kasuwa na da hannu a samuwarsa ko rashinsa.

Mene ne injin gangara ƙwallo?

Wani ɗan ƙaramin inji ne da ake haɗawa da bulullukan roba na wasan yara, irin waɗanda ake manna ɗaya kan ɗaya. Aikinsa guda ne: ya karɓi ƙananan ƙwallaye daga gefe ɗaya, ya ɗaga su sama, ya sake su su gangara ta wata hanya da maginin ya tsara, sannan ya miƙa su ga injin da ke gaba. Wani yana ɗagawa da sarƙa, wani da matakala masu hawa da sauka, wani kuma da murɗaɗɗen ƙarfe irin wanda ke tura hatsi cikin injin niƙa. Gwanayen abin sukan ba kowane inji siffa da labarinsa, a mayar da wannan tashar jirgin ruwa mai ƙugiyar ɗaukar kaya, wancan masana'anta, na gaba filin wasan ƙwallo.

Fitaccen kamfanin da ke yin waɗannan bulullukan shi ne Lego na ƙasar Danmak. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne ya fara shi a garin Billund cikin 1932 da kayan wasa na katako, kuma a 1958 aka yi rajistar bulon roba mai kama juna da ake amfani da shi har yau. A 1977 kamfanin ya fito da samfurin da ke ɗauke da giya da sanduna masu juyawa, wanda daga baya aka sani da Technic, a 1998 kuma ya fito da Mindstorms mai 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Musulmi sun daɗe da yin irinsa

Kada mai karatu ya ɗauka wannan dabara sabuwa ce. A shekarar 1206 wani injiniya Musulmi, Isma'il al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar sarakunan Diyarbakir da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa da ya bayyana na'urori 50. Cikinsu akwai agogon giwa. A cikin giwar akwai randar ruwa da wani kwano mai 'yar ƙofa a gindinsa. Ruwa na shiga kwanon sannu a hankali, bayan rabin sa'a sai ya nutse ya ja igiya, igiyar ta saki ƙwallon ƙarfe daga hasumiyar da ke bisa giwar. Ƙwallon ya faɗa bakin maciji, nauyinsa ya sunkuyar da macijin, wannan sunkuyawa ta jawo kwanon ya dawo sama, shi kuma mutum-mutumin da ke tuƙa giwar ya yi bugu don a san lokaci ya cika. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai sarin kaya za su iya ganin kwaikwayon wannan agogo a rukunin kantunan Ibn Battuta. Ke nan yaron Zango da ya zauna yana gangara ƙwallo a bututu, gadon malamai yake taɓawa.

Ƙa'ida ɗaya, injuna da yawa

Wajen shekarar 2005 masu sha'awar Lego a Amurka, ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Steve Hassenplug, suka fito da tsarin da suka kira Great Ball Contraption, ko GBC a taƙaice. Mutanen Nima kada su ruɗe, ba gidan rediyo da talabijin na Ghana da ke maƙwabtaka da su a Kanda ake nufi ba. Tsarin ya ce kowa ya gina injinsa yadda ya ga dama a gidansa, amma da sharaɗi: kwandon karɓar ƙwallo ya zama girmansa ɗaya da tsawonsa ɗaya a kowane inji, kowane inji ya riƙa fitar da kimanin ƙwallo ɗaya a daƙiƙa ɗaya, kuma ya iya jure ƙwallo har 30 idan aka zubo masa su lokaci guda. Albarkacin wannan ƙa'ida, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, daga Japan da Jamus da Amurka, sukan haɗu a wurin baje koli su jera injunansu a kewaye, ƙwallo ya tashi daga na farko ya ratsa duka ya dawo inda ya fito.

Babu wanda zai fahimci wannan kamar ɗan kasuwar kan iyaka. Buhun albasa da ya tashi daga Galmi a Jamhuriyar Nijar sai ya bi hannun manomi da dillali da ɗan dako da direba, ya ratsa Burkina Faso, ya shigo Ghana ta Paga ko ta wajen Bawku, kafin ya isa Kumasi ko kasuwar Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasar Agbogbloshie a watan Yulin 2021. Idan mota ta kwana uku a shinge guda, albasa ta fara ruɓewa, asarar ta shafi kowa tun daga gona har tebur. Haka injin ƙwallo yake. Idan inji ɗaya ya cije, na bayansa zai ci gaba da zubo masa kaya har su zube ƙasa, na gabansa kuma ya zauna babu abin yi. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya koyi cewa aikinsa amana ce ga na kusa da shi, kuma mudu ɗaya ake aunawa da shi idan ana so ciniki ya tafi daidai.

Bayan wannan akwai lissafi da kimiyya da hannu ke koya kafin a zo allo. Yaro zai gano da kansa cewa ƙwallo ba ya hawa sama da inda aka sake shi sai an ƙara masa ƙarfi. Zai gano cewa idan gangara ta yi tsanani ƙwallon zai yi tsalle ya bar hanya, idan kuma ta kwanta da yawa zai tsaya. Zai ga cewa giya mai haƙora 8 sai ta juya sau uku kafin mai haƙora 24 ta juya sau ɗaya, sau biyar kuma ga mai haƙora 40, gudu ya ragu amma ƙarfi ya ƙaru, wato dai abin da direban tirela yake yi idan ya zo hawa tudu da lodi.

Abin da ke ƙasa a Ghana

Ghana ta riga ta gwada cewa bulon roba ba abin rainawa ba ne. A 2011 Dakta Ashitey Trebi-Ollennu, haifaffen Akara kuma injiniya a hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya kafa gidauniyar Ghana Robotics Academy Foundation, wadda ta riƙa koya wa ɗaliban sakandare ƙera mutum-mutumi da kayan Lego Mindstorms. Shi ne ya jagoranci aikin hannun ƙarfe na kumbon InSight da ya sauka duniyar Mars a watan Nuwamban 2018. A watan Mayun 2019 kuma 'yan matan makarantar Methodist Girls da ke Mamfe suka zo na ɗaya a ɓangaren manyan ɗalibai a gasar Robofest ta duniya da aka yi a jihar Michigan ta Amurka.

A Nima ma an sa harsashi. Fiye da shekara goma da suka wuce Regina Honu ta Soronko ta kai shirinta na Tech Needs Girls unguwar, inda tare da ƙungiyar Achievers Ghana aka koya wa 'yan mata rubuta manhajar kwamfuta. Akwai kuma ɗakin karatu na al'umma da gidauniyar Osu Children's Library Fund ta Kathy Knowles, 'yar ƙasar Kanada, ta taimaka aka gina tun ƙarshen shekarun 1990. Matsalar ita ce kwamfuta da akwatin mutum-mutumi suna da tsada, suna buƙatar lantarki da malami, don haka yara kaɗan ke kai wa gare su. Kamfanin Lego ma ya daina yin Mindstorms tun ƙarshen 2022. Injin ƙwallo kuwa ba ya buƙatar kwamfuta, hannun juyawa kaɗai ya ishe shi, saboda haka yana iya zama matakin farko ga yaron da bai taɓa riƙe na'ura ba.

Ko babu Lego ana yi

Wanda ba shi da halin sayen bulo ba shi da uzuri. Kwalin taliya yana zama jiki da ginshiƙi. Gorar ruwa da aka yanke wuyanta mazurari ce. Guntun bututun roba ko tiyo da aka tsaga biyu ya zama indararo. Tsohuwar sarƙar keke da farantinta, idan aka ɗaura mata murafen kwalba, za ta ɗebo ƙwallo daga ƙasa ta kai sama kamar guga. Ƙwallon kuwa ko na gilashi ko 'ya'yan boris daga wurin bakanike. Malamin Islamiyya ko shugaban ƙungiyar matasa zai iya raba yara gida biyar, a yarda a kan tsawon mashiga da mafita, misali taƙi ɗaya daga ƙasa, kowane gida ya ɗauki labarinsa: waɗannan su yi tashar jirgin ruwa ta Tema, waɗancan kasuwar Nima, wasu hanyar albasa daga Galmi. Ran da aka haɗa su wuri ɗaya za a ga wanda ya cika alkawarin awo da wanda ya yi ha'inci.

Ina ɗan kasuwa ya shigo?

Abin da yaron Zango zai yi wasa da shi, a Yiwu da Guangzhou da yankin Chenghai na birnin Shantou ake zaɓar masa shi, ranar da ɗan kasuwa ke cika kwantena. Haƙƙin mallakar ainihin bulon Lego ya ƙare tuntuni, shi ya sa kamfanoni da dama ke yin bulon da ke shiga na Lego a kan farashi mai sauƙi. Mai sari a Aflawo ko Sinkase ko Illela ko Jibiya zai iya ware kwali kaɗan cikin lodinsa don wannan kaya. Ribarsa ta bambanta da ta bindigar roba, domin wanda ya sayi bulo yakan dawo neman ƙari, ga makarantu masu zaman kansu da ke saye da yawa, kuma kaya ne da ba ya ruɓewa, ba ya jiran Sallah.

Sai dai a lura da abubuwa uku kafin a biya kuɗi. Na farko, a manna bulo biyu a girgiza, idan suka rabu da kansu ba za su riƙe inji ba. Na biyu, a nemi wanda ke da giya da sanduna da ƙafafu, domin bulo zalla gida kawai yake ginawa. Na uku, a guji jabun da aka buga wa sunan Lego a kwali, saboda sunan yana da mai shi, kuma jami'an kwastan na iya kama kayan.

Akwai kuma haƙƙin rai. Ƙananan ƙwallaye da gutsattsarin bulo suna shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba, wannan ne ma'anar 'yar fuskar nan da aka ja wa jan layi a jikin kwali, kuma a gidajen Zango da ɗaki ɗaya ke ɗaukar yaye da ƙanne, wajibi ne mai sayarwa ya faɗa wa uwa. Ƙaramin batir mai kama da kwabo da ƙananan maganaɗisu sun fi haɗari idan aka haɗiye su, sai a garzaya asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Kada kuma a bar yara su kwaso kayan gini daga tarkacen talabijin da batiran mota, domin suna ɗauke da gubar dalma.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zangonnin Ghana fatake ne suka kafa su, da goro da shanu da gishiri, kuma abin da ayari ya sauke shi gari ke ci. Sallah mai zuwa kwantena za su sake isowa Tema da Lome da Kwatano. Ya rage ga masu lodin su duba ko a cikin kwalaye ɗari na bindigar roba za a samu gurbin goma na abin da yaro zai gina da hannunsa, ya rushe, ya sake ginawa. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya sa kasuwa ta yi kyau.