Barin Kafafen Sada Zumunta: Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Zaman Jama'a

Barin kafafen sada zumunta iri biyu ne. Akwai na ganin dama, kamar yadda wasu ke rufe Facebook da TikTok a watan azumi. Akwai kuma na dole, irin wanda aka gani lokacin da gwamnatin tarayyar Najeriya ta dakatar da Twitter daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Wannan babi ya shafi na farkon.

Lafiyar ƙwaƙwalwa

A 2018 masana daga jami'o'in Stanford da New York a Amurka sun biya wasu mutane kuɗi don su rufe shafinsu na Facebook na tsawon mako huɗu. A matsakaici, mutanen sun samu rarar kusan awa guda a rana, suka ƙara zama da iyali da abokai, hankalinsu ya ɗan ƙara kwanciya, amma labaran duniya da yawa suka wuce su. A shekarar dai, Jami'ar Pennsylvania ta taƙaita wa wasu ɗalibai hawa waɗannan kafafe zuwa minti 30 a rana, bayan mako uku kaɗaici da damuwarsu suka ragu.

Dalilan a fili suke. Danna waya cikin dare na cinye barci. Yawan kallon bukukuwa da lefe da motocin wasu na sa mutum raina abin hannunsa. Ga kuma zage-zage da habaici. Sai dai kwanakin farko da wuya: hannu ya riga ya saba, yana ta lalubar aljihu ko ba kira.

Zaman jama'a

A Unguwar Gano da Gyadi-Gyadi, kamar sauran unguwannin Tarauni a Kano, rabin zumunci ya koma WhatsApp. Sanarwar ɗaurin aure da suna da rasuwa duk ta nan ake turawa. Tunda a Kano ba a jinkirta jana'iza, mutum kan rasu da hantsi a kai shi bayan La'asar, wanda ya fita daga zauren dangi sai ya ji labari an riga an dawo daga maƙabarta. Haka matan aure masu tallar atamfa da turaren wuta daga cikin gida, da 'yan kasuwar waya ta Farm Centre: a wurinsu rufe shafi rufe shago ne.

Saboda haka ribar bari tana ga abin da ya maye gurbin wayar. Wanda ya koma majalisa da makarantar dare da ziyarar 'yan'uwa yakan ga amfani. Wanda ya kulle kansa a ɗaki kuwa, kaɗaicinsa ƙaruwa yake. Shi ya sa da yawa ke zaɓar ragewa: su bar zauren dangi a buɗe, su kashe data bayan Isha'i.

Damuwa mai tsanani, wadda ke hana barci da cin abinci makonni, ajiye waya kaɗai ba ya maganinta. Wannan aikin likita ne, kuma akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, da asibitin Dawanau.