Agogon Sojan Sama: Darajarsa Tana Bayansa

A watan Satumba na 1940 jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wata doguwar hanya da ta ratsa ta saman ƙasarmu. A Takoradi, cikin Gana ta yau, ake sauke su daga jirgin ruwa a akwatuna, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, su yada zango a Kano da Maiduguri, su bi ta Fort Lamy da muke kira Njamaina yanzu, su wuce Alfashir da Hartum har su dangana da Masar. Ƙananan jiragen Hurricane mutum ɗaya tak suke ɗauka, shi ya sa ake sa musu babban jirgi ƙirar Blenheim a gaba ya yi musu jagora, domin a cikinsa mai lissafin hanya yake. Wannan bawan Allah ba tauraron ɗan Adam a kansa, ba na'urar da za ta ce masa ga inda kake. Taswira ce a gabansa, da kamfas, da fensir, da agogo.

Aikinsa lissafi ne tsantsa. Jirgin da ke gudun kilomita 360 a awa yana cinye kilomita 6 a kowane minti, saboda haka in ka san gudunka, ka san alƙiblarka, ka kuma san mintin da ka tashi, to ka san inda kake. Da dare kuwa taurari ake aunawa, kuma a nan ne agogo ke zama rai: kuskuren sakan 4 kaɗai yana iya gusar da kai kusan kilomita 2 daga inda kake zato. Agogon da ke latti a hannun ɗan kasuwa fushin abokin ciniki zai jawo masa. A hannun mai lissafin hanya, a saman daji da yashi, ƙarewar mai zai jawo.

Irin waɗannan agogunan ne yau masu tara kayan tarihi ke rububi a gidajen gwanjo na Janeba da Landan da Hong Kong. Wanda bai sani ba zai raina su: baƙar fuska, fararen lambobi, ba zinariya, ba lu'ulu'u.

Sarkinsu a wajen girma shi ne na Jamus, wanda ake kira B-Uhr, wato agogon lura. Ma'aikatar harkokin jiragen sama ta gwamnatin Hitila ce ta zayyana siffarsa, ta raba aikin ga kamfanoni biyar: A. Lange & Söhne a Glashütte, Laco da Stowa a Pforzheim, Wempe a Hamburg, sai IWC a Schaffhausen ta ƙasar Suwizalan. Faɗinsa milimita 55, ya kusa rufe bakin kofin shayi, don injin agogon aljihu aka sa a ciki. Maɓallin wani ƙato ne mai kamar albasa, yadda za a murɗa shi ba tare da an cire safar hannu ba a cikin sanyin sama. Maɗaurin fata dogo ne saboda a kan hannun rigar sanyi ake ɗaura shi. In aka jawo maɓallin sai hannun sakan ya tsaya cak, ta yadda kowa a ayarin zai daidaita nasa da na ɗan'uwansa kafin tashi. A gefensa an zana lamba FL 23883. Iri biyu ne: na farko, na 1940, lambobin awa ne daga 1 zuwa 11 da alama mai kusurwa uku a gurbin 12, na biyu, daga 1941, ya fito da mintuna manya a zagayen waje ya tura awanni ƙaramin zagaye na ciki, domin minti ne abin buƙatar mai lissafi. Agogon ba mallakin sojan ba ne, aro ake ba shi, ya mayar in ya sauka. Kamfanin IWC guda 1,000 kacal ya ƙera a 1940, shi ya sa nasa ke kai dubun-dubatar daloli in ya fito kasuwa.

A nan sai na ɗan tsaya, don akwai abin da ke damuna da yadda wasu dillalai ke tallata shi kamar kayan kwalliya. Da wannan agogo aka ƙirga mintunan da suka kai jiragen bam kan Landan da Coventry. Kuma abin ya dawo kan maƙeransa: ranar 23 ga Fabrairu 1945 jiragen Ingila suka ragargaza Pforzheim, mutum fiye da 17,000 suka halaka a dare ɗaya, masana'antar Lange kuwa bam ya same ta ranar 8 ga Mayu 1945, ranar da yaƙi ya ƙare a Turai. Ban ga laifin ajiye irinsa ba, shaida ce, ita kuwa shaida ba a jefar da ita. Amma wanda ya riƙe shi ya san abin da ya riƙe.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne na Ingila, Mark 11, da aka fara ba sojan sama a 1949. Yaƙi ya koya wa Ingila darasi: na'urorin rada da suka cika jirgi suna fitar da maganaɗisu da ke rikita tafiyar agogo. Sai aka rufe injin cikin wani kwanso na ƙarfe mai laushi da ke kare shi. IWC da Jaeger-LeCoultre ne suka ƙera shi, faɗinsa bai wuce milimita 36 ba, kuma masu kula da lokaci na Greenwich, a mazauninsu na Herstmonceux, su ke gwada shi kafin a ba da shi aiki. Sojan saman Ostareliya da na Afirka ta Kudu sun ɗaura shi, haka ma'aikatan kamfanin jiragen sama na BOAC. Bai bar aiki ba sai 1981. Shekara 32 ke nan ƙira ɗaya tana hidima. Na Jaeger-LeCoultre bai kai guda 3,000 ba, don haka ya fi wuyar samu.

Faransa ma tana da nata, Type 20, na shekarun 1950, daga Breguet da Dodane da Auricoste da wasu. Hikimarsa ita ce latsawa ɗaya ta mayar da hannun ƙirga sifili ya ci gaba nan take, maimakon latsawa uku, abin da matuƙi mai sauya alƙibla ke matuƙar bukata.

To me masu saye ke biya? Bayan agogon suke fara juyawa. A na Ingila ana neman alamar kibiya da ke nuna mallakar gwamnati, da lambar kaya 6B/346, da lambar agogon da shekarar da aka karɓe shi. A na Faransa akwai haruffan FG da kwanan wata, wani lokaci jere biyar ko shida, kowanne shaidar komawa wajen gyara ne. Waɗannan zane-zane su ne tarihin agogon, kuma nan ne macuta suka shigo. Akwai mai ɗaukar agogon farar hula ya zana masa kibiya; akwai mai haɗa fuskar wannan da injin wancan da murfin wani ya kira shi na asali. Sai dai ba kowane canji ne ha'inci ba. Ma'aikatar tsaron Ingila da kanta ta sake fuskokin Mark 11 da yawa a shekarun 1960, ta sa harafin T cikin da'ira, saboda haka fuska mai T a jikin murfin 1951 ba jabu ba ce. Babbar asara kuwa ita ce gogewa. Mai agogo ya ga tsatsa da ƙarzuwa, ya kai a wanke masa shi ya yi ƙyalli, ya dawo da rabin kuɗinsa a ƙasa, don tabon da ya goge shi ne abin da ake saye.

Wancan harafin T yana da dalili mai nauyi. Kafin shi, fentin da ke sa lambobi su haska da dare da sinadarin radiyam ake haɗa shi. A Amurka, cikin shekarun 1920, 'yan matan da ke shafa shi a masana'antar Orange ta jihar New Jersey suna lasar bakin burushi don ya yi tsini; muƙamuƙansu suka ruɓe, da yawa suka mutu. Fentin tsohon agogo ya daina haske tuni, amma radiyam ɗin yana nan daram, sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, kuma yana fitar da iskar radon mai haddasa kansar huhu. Tiritiyam da ya gaje shi, wanda T ke nufi, shekara 12 da 'yan watanni ke rage shi rabi.

Saboda haka ga kirana ga duk wanda ya ci karo da baƙin agogo mai kibiya ko lambobin soja a bayansa, ko cikin adakar kaka ko a tiren ɗan gwanjo. Kada ka buɗe shi, kada ka bari mai gyara ya hura ƙurarsa da baki, kada ka kwana da shi a ƙarƙashin matashi. Ajiye shi inda iska ke shiga, ka ɗauki hoton gaba da baya, ka nemi masani ya karanta maka lambobin kafin ka saurari tayin kowa.