Shafuka Sun Cika Wayarki? Ga Yadda Za Ki Adana Masu Amfani

Uwargida, buɗe Chrome a wayarki ki dubi ɗan akwatin nan da ke kusa da wurin rubuta adireshi. Lambar da ke ciki ita ce yawan shafukan da kika bari a buɗe. In kuwa fuskar murmushi kika gani maimakon lamba, to sun haura 99.

A cikinsu akwai girkin da kike son gwadawa, da jadawalin rigakafin jariri, da shafin duba sakamakon JAMB na babban yaronki. Sai dai buɗaɗɗen shafi ba ma'aji ba ne. Yaro zai iya ɗaukar wayar ya rufe su duka da taɓi ɗaya. Ko da suna nan, ranar da zazzaɓi ya tashi cikin dare ba za ki samu natsuwar lalube ba. Mu a asibiti kowane magani da gurbinsa da sunansa a jiki, saboda lokacin gaggawa ba lokacin nema ba ne.

Mafita ita ce bukmak, wato alamar da ke riƙe miki adireshin shafi ko bayan kin rufe shi. A wayar Android, taɓa ɗigo uku da ke gefe, sannan ki taɓa tauraro. A kwamfuta kuwa, danna Ctrl da D tare. In kina son kwashe duk shafukan da ke buɗe lokaci guda, Ctrl da Shift da D za su zuba su cikin folda ɗaya. Wanda kika rufe bisa kuskure, Ctrl da Shift da T za su dawo da shi.

Kada ki tsaya a nan, don tarin bukmak marar tsari bai fi tarin shafuka ba. Yi folda huɗu ko biyar: Lafiya, Makaranta, Banki, Girki, Sana'a. Ki sauya wa kowane shafi suna zuwa wanda za ki gane da kallo ɗaya, kamar "rigakafin wata tara".

Foldar Lafiya ki tace ta sosai. Sa shafin Hukumar Lafiya ta Duniya, da Greenbook na NAFDAC inda ake duba ko magani yana da rajista. A Banki da Makaranta ma, adana adireshin gaskiya sau ɗaya, kullum ki shiga ta nan. 'Yan damfara na ƙirƙirar shafuka masu kama da na banki ko na WAEC, su turo ta WhatsApp. Mai shiga ta bukmak ta kauce wa wannan tarko.

Abu biyu za ki kiyaye. Bukmak adireshi kawai yake riƙewa, sai da data zai buɗe. Abin da za ki buƙata ba intanet, sauke shi da alamar kibiya mai kallon ƙasa. Sannan in kin haɗa Chrome da asusunki na Google, bukmak ɗinki za su biyo ki sabuwar waya, amma za su fito a duk na'urar da asusun yake. In akwai kwamfutar da ku da yara kuke amfani da ita, ki yi tunani kafin ki adana abin da ya shafi sirrin lafiyarki.

Ware minti goma yau bayan Isha'i: mai amfani ki adana, saura ki rufe. Shafuka nawa kika tarar? Faɗa mana a wurin tsokaci.