Lafiyayye Ma Shaida Ne

Idan amai da gudawa ya ɓarke a ƙauyukan Talata Mafara, Bakura ko Maradun, ma'aikatan lafiya suka shiga gidan da kowa ke lafiya suna tambayoyi, akan ji dattawa na cewa: "Ga marasa lafiya can kwance, me ake nema wurin masu lafiya?" Tausayi ne ya kawo wannan magana, kuma gaskiya ne magani shi ne kan gaba. Amma iyayena, ku yi haƙuri, gano tushen cuta ba ya yiwuwa da shaidar majiyyata kaɗai.

A ce duk waɗanda suka kamu sun sha ruwan kanal ɗin Bakalori. Wannan bai isa hujja ba, tunda wataƙila garin duka shi yake sha. Sai an ga masu ciwo sun fi masu lafiya shansa nesa ba kusa ba, sannan zargi ya tabbata.

Haka masu bincike Richard Doll da Bradford Hill suka yi a Landan a 1950. Cikin maza 649 masu sankarar huhu, 2 kacal ne ba sa shan taba. Cikin maza 649 marasa wannan sankara da aka gwada su da su, an sami 27 da ba sa sha. Ba don rukuni na biyun ba, da ba a ga bambancin ba.

Kuma ba kowane lafiyayye ake ɗauka ba. Wanda za a gwada da ɗan Bakura dole ya fito daga al'ummar da cutar ke yawo, tsaransa, a lokacin ɓarkewar. Ɗan Gusau mai shan ruwan leda ba zai nuna komai ba. Idan kuma aka tsaya kan 'yan gida ɗaya, randa ɗaya suke sha, sai musabbabin ya ɓuya. Idan mai unguwa ya zaɓo, zai iya kawo na kusa da shi kawai. Shi ya sa ake jera gidaje a jefa ƙuri'a. Ko wanda aka zaɓa ya kamu daga baya, shaidarsa ba ta ɓaci ba, domin ranar da aka tambaye shi lafiyarsa lau.

Saboda haka idan ƙuri'a ta faɗo gidanku, ku shimfiɗa musu tabarma, ku faɗi gaskiyar inda kuke ɗibar ruwa. Amsarku na iya nuna rijiyar da za a rufe kafin ta kwantar da 'ya'yan maƙwabta.