Tekun da Ya Bar Sawunsa a Duwatsun Adar

Manomin Allakaye da ke jera duwatsu a gonarsa don tare ruwan damina yakan ci karo da wani farin dutse mai kamar curin fura, da zanen ganye biyar a bayansa. Yawanci jefa shi yake cikin layi ya wuce. Abin da ya jefa ɗin kuwa gawar wata halittar teku ce mai ƙaya a jiki, wadda ta rayu a daidai wurin shekaru kusan miliyan 60 da suka shige.

A wancan zamani teku ne ya ratsa Sahara daga arewa, ya malale kwarin da masana suka laƙaba wa sunan Buzayen Iwillimmidan, har ya kai Sakkwato. Ba sau ɗaya ya zo ba. Yakan shigo, ya janye, ya sake dawowa, kuma kowace zuwa ta bar shimfiɗarta. Kwazazzaban Majiya da na Keita sun yanka tudun Adar kamar da wuƙa, shi ya sa mai tsayuwa a gindin gangare yake ganin shimfiɗun a jere, tsofaffin a ƙasa, na baya-bayan nan a sama. Bafaranshe Jacques Greigert ya yi musu bayani dalla-dalla a 1966.

To, yaya ake gane irin ruwan da ya kwanta? Halittun ne shaidu. Mai ƙayar nan ba ta jure ruwan da aka sirka da na kogi, don haka inda aka same ta jingim cikin farar ƙasa, teku ne sosai, mai ɗumi, marar zurfi. Inda kawa ta yi yawa, gaɓa na kusa. Laka mai ɓarewa falle-falle kamar takarda tana nuna ruwa kwantacce, wanda igiya ba ta dama shi. Jibsin mai ƙyalli da mutanen Buza da Madawa ke tonowa su sayar, shi kuma yana tunatar da ruwan gishiri da rana ta ƙafar. Jar marmarar da ta rufe kan tudu ta zo ne daga baya, lokacin da teku ke ban kwana.

Shimfiɗun ƙasa-ƙasa sun fi ban tsoro. A dutsen Igdaman na jihar Tawa an haƙo ƙasusuwan mosasor, ƙaton ƙadangaren ruwa da ya ƙare tare da dainoso shekaru miliyan 66 baya. Masani Lingham-Soliar ya raɗa wa ɗaya suna Igdamanosaurus a 1991, wani kuma Pluridens a 1998, saboda yawan haƙoransa. Ɗan'uwansu na ƙetaren iyaka, Goronyosaurus, sunan Goronyo ya ɗauka. Teku dai bai san da iyakar Birnin Ƙonni ba.

Abin takaici, waɗannan sunaye sun fi sanuwa a gidajen tarihi na Turai fiye da makarantun Adar, alhali ɗan makarantar Allakaye yana taka darasin da ƙafarsa kullum. Kamfanonin siminti ne suka fi kowa sanin darajar farar ƙasar: ita ake ƙonawa a Malbaza, ita ce kuma a Kalambaina kusa da Sakkwato, bawon halittun da komai.