Ruwan da Ba Ka Ga Saukarsa Ba

Duk lokacin zafi, masu yawon buɗe ido kan yi tururuwa zuwa kwazazzaban tsaunukan Alps. Kwazazzabon Partnach da ke kudancin Jamus ya kai tsawon mita 700, zurfinsa ya haura mita 80. An sassaƙa hanya a jikin dutse, mutum na tafe, ruwa na ruri a gefensa.

Sai dai abin da nake so mai karatu ya lura da shi ya wuce kyan gani. Ranar 27 ga Yulin 1999, ambaliya ta halaka mutum 21 a kwazazzabon Saxetbach, kusa da Interlaken a Suwizalan. Ruwan sama ne ya sauka can ƙololuwar tsauni, ya taru, ya kwararo cikin matsi, babu mafita. A 2001 kotu ta sami jami'ai shida na kamfanin da ya jagorance su da laifin sakaci.

Saboda haka nake jan hankalin ɗalibanmu da ke karatu a Turai: kafin ku shiga, ku binciki hasashen yanayin tsaunin baki ɗaya. Da kun ga ruwa ya fara gurɓacewa da laka, ku fita, ko da kun biya kuɗi.