Birike mai dannawa: daga ina wutarsa take fitowa?

Jama'ar Imanan da Kurfai, kowa ya san ƙyastun kakanninmu: ƙarfe, ƙanƙara da ƴar auduga. Yau a kasuwar Bonkuku da ta Filinge ana sayar da birike iri biyu. Ɗaya murza shi ake yi. Ɗayan kuwa dannawa ake yi, ya ce ƙas, wuta ta kama. Ba batir a cikinsa, ba ƙanƙara. To, daga ina tartsatsin yake fitowa?

A cikinsa akwai wani ɗan dutse, bai fi ƙwayar wake ba. A masana'anta ake gasa shi, kamar yadda ake gasa tukunya. Idan ka danna, wata ƴar guduma ta buge shi. Bugun nan shi ke sa dutsen ya fid da lantarki. Lantarkin ya bi waya, ya yi tartsatsi, gas ya kama.

Wasu Faransawa biyu, wa da ƙane, Jak da Piyer Kuri, su suka gano haka a 1880. Sun ga wasu duwatsu suna ba da lantarki in an matse su. A 1920 wani masani a Amurka, Jozef Balasek, ya gano abin da ya fi wannan, a cikin wani gishiri da ake kira gishirin Roshel. Ba gishirin miya ba ne, kada wani ya je ya daka nasa!

Ga abin da ya gano. Cikin irin wannan dutse akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Kowace tana da gaba da baya. In aka sa musu lantarki mai ƙarfi, sai su juya su fuskanci wuri guda, kamar sahun masallata. Ko an ɗauke lantarkin, suna nan a sahunsu. Dutsen birike haka aka yi masa tun a masana'anta. Zafi mai tsanani yana watsa sahun, dutsen ya daina aiki.

Irin dutsen nan yana cikin na'urar da likita ke duba cikin mace mai juna biyu.

Tartsatsin birike ba ya kisa, tsikara kawai yake yi. Haɗarin yana ga gas ɗin. Kada a aje birike bakin murhu ko cikin rana, yana iya fashewa. Wanda ya ƙare, kada a jefa shi wuta. A ɓoye shi daga yara, balle da rani, kusa da rumbu da dannin kara.